Manyan coci-cocin Kaduna, ku ba mu mutane kafin ku ba mu benci

Ranka ya daɗe Edita,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Don Allah ka ɗan sam min fili a shafin wasiƙu, akwai wata magana da ta daɗe tana cina a rai, na faɗe ta a taron dattawa har bakina ya gaji, kullum sai ace toh Baba mun ji za'a duba, daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na san yawancin masu karanta jaridar nan 'yan'uwa Musulmi ne, su yi min haƙuri yau maganar gidanmu ce ta Kirista, amma ina ga su ma zasu gane inda na dosa, don duk wanda ya taɓa tashi daga tsohuwar unguwa ya koma bayan gari ya san wahalar neman wurin ibada kusa da gida.

Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, tun lokacin da in aka tashi aiki kekuna ke cika titi har mota bata samun hanya. Masaƙu suka rufe, muka shiga buga-buga, da ƙyar dai Allah ya taimaka na sayi ɗan fili can bayan Kamazou na kafa ɗaki uku muka tare. Kowa a garin nan ya san yadda Kaduna ta koma tun bayan rikicin 2000 da na 2002, jama'a suka rabu, Kirista da yawa suka tsallako kudancin kogi. Sabon Tasha ta cika, Narayi ta cika, Television da Ungwan Romi da Gonin Gora duk suka cika, haya ta yi tsada, sai mutane suka riƙa nausawa gaba, Mahuta, Janruwa, Karji, Juji, Maraban Rido har hanyar Kujama. Ga kuma waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Chikun da Kajuru sun zo sun raɓe wurin dangi. Gidaje na tsirowa kamar naman kaza, amma manyan majami'unmu suna nan inda iyayenmu suka gina su a cikin gari.

Shekara da shekaru haka muke yi, ranar Lahadi mu tashi da asuba ni da maman yara da yara biyar, mu taka zuwa bakin titi, mu hau keke napep, mu sauka mu shiga bas, kafin mu isa an gama waƙoƙin farko. Da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023 abin ya gagara. Kuɗin motar Lahadi ɗaya ya zama kuɗin cefanen kwana biyu. Sai muka fara karɓa-karɓa, wannan sati ni, sati mai zuwa ita, yara kuwa sai ranar Kirsimeti da Ista. Zumuntar mata ta tsakiyar sati da nazarin Littafi Mai Tsarki ba'a ma maganarsu. Da na duba maƙwabta sai naga ashe ba ni kaɗai bane, akwai gidajen da sun fi shekara basu taka coci ba kuma sunansu na nan a rajista can cikin gari, ana ƙirga su a rahoton ƙarshen shekara.

Haka muka fara taruwa a falona, gida huɗu. Falo ya yi kaɗan muka koma kangon wani bawan Allah da bai gama gini ba, muka ɗaura tamfol. Muka rubuta wa uwar ikilisiyarmu takarda, ba zan kama suna ba, ko ɗariƙar ma ba zan faɗa ba don ba tonon asiri ya kawo ni ba kuma na bincika na ga ciwon nan kusan kowa na da shi. Gaskiya sun amsa. Aka sa rana, Rabaran ya zo da motoci wajen shida, zumuntar mata suka zo da anko suna kaɗa tulu da shantu, aka yanka ƙyalle, aka ci shinkafa, aka sa hotuna a Facebook wai an buɗe sabon gidan addu'a. Suka bar mana tsofaffin benci goma sha biyu waɗanda aka fitar lokacin da suka sayi kujerun roba, da tsohon bagade, da ganga ɗaya mai fasasshiyar fata. Mun gode, har yau a kan bencin muke zama. Amma Lahadin da ta biyo baya da na waiga, mu ɗin nan ne dai gida huɗu da ƴan ƙari, ba mai jan waƙa, ba mai koyar da yara, ba wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi, ni da ban taɓa shiga makarantar Baibul ba ni ne mai wa'azi ni ne mai sanarwa ni ne mai kai mara lafiya asibiti.

Toh nan ne maganata take Edita. Cocin da muka fito yana da mutum fiye da dubu. Ƙungiyar kwaya uku gare su, ta waƙa nake nufi ba wadda hukuma ke kamawa ba, akwai ta Hausa akwai ta Turanci akwai ta matasa, har rigima ake a kan wa zai yi waƙa ranar godiya. Dattawa sun yi yawa har wani sai ya yi wata uku bai samu ya yi ko addu'ar baiko ba. Malaman makaranta, nas-nas, akantoci, tsofaffin fastoci masu ritaya, duk suna zaune suna fifita da takardar shirin sujada. In da a ce an tashi gida goma cikin waɗannan, musamman waɗanda dama gidajensu sun fi kusa da mu, an kira su gaban jama'a an ɗora musu hannu an ce ku je ku zauna da 'yan'uwanku shekara biyu, zakkarku da baikonku ku bayar can, da yanzu wani zance ake. Gida goma a cikin dubu ko gurbinsu ba za'a gani ba. Mu kuwa a wurinmu gida goma shine bambancin rayuwa da mutuwa.

Kuma ba sabon abu nake kawowa ba. A cikin Littafi Mai Tsarki, Ayyukan Manzanni sura 11, da labari ya kai Urushalima cewa mutane sun ba da gaskiya a Antakiya, Barnaba suka aika, mutumin da kowa ya yarda da shi, shi kuma ya je Tarsus ya nemo Shawulu, wato Manzo Bulus, suka zauna shekara guda cur suna koyarwa. A sura 13 ita Antakiyar da aka yi renonta jiya, da lokacinta ya yi na aikawa, su Barnaba da Shawulun ta saki, wato manyan malamanta. Mu yanzu in za'a tura wani sabon wuri sai a duba wa ke damun mu a kwamiti, ko wane fasto ne ya saɓa da shugabanni, a jefa shi can a matsayin horo. Mutum ya zo da ɓacin rai yana ƙirga kwanakin da za'a mayar da shi gari, ta yaya zai yi kiwon tumaki?

Ko tarihinmu na nan arewa mu duba. Turawan mishan uku na ƙungiyar SIM da suka sauka Legas a 1893, biyu sun mutu cikin shekara guda, Walter Gowans a Girku nan ƙasar Zazzau, Thomas Kent a Bida, Rowland Bingham kaɗai ya koma. Sai 1902 'yan mishan ɗin SIM suka samu zama a Patigi, Kwoi kuma 1910. Turawan nan ƴan kaɗan ne, ba su ne suka shiga kowane ƙauye ba. 'Yan ƙasa ne da aka koya wa karatu a wurare irin su Kagoro da Wusasa, aka ba su Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, suka ɗauki mata da yara da fartanya suka je suka zauna cikin mutane suna noma suna koyar da karatu da yamma. Babana ya sha ba mu labarin mai bisharan da ya zo ƙauyenmu, wai ikilisiyar da ta aiko shi duk kaka sai ta tara dawa da acca a kai masa a ka, mata su bi da daddawa da gishiri. Ƙungiyar masu bishara ta cocin ECWA, wato EMS, ma ai tun 1948 aka fara ta, kafin a kafa ita ECWA ɗin a 1954, talakawa manoma ne suka riƙe ta da kwabo da ɗari. Anglika kuma a 1990 lokacin Akbishop Adetiloye sun buɗe sabbin dayosis, wato yankunan bishop, guda takwas a arewa cikin wata ɗaya, har da Kafanchan da Katsina da Sakkwato da Minna, tun wuraren basu da ƙarfin riƙe kansu. Katolika na da nasu tsarin, katikis, wato malamin koyar da addini, ya riƙe ƙaramin coci, Fada ya riƙa zagayowa yana yin Mas har wurin ya isa zama faris, wato coci mai Fadan kansa. Kowace ɗariƙa ta san hanyar. Iyayenmu da ba takalmi sun yi, mu da muke da janareto da na'urar sanyaya ɗaki a ofishin fasto mun kasa.

Ba wai kuɗi basu da amfani ba, kar a fahimce ni a baibai. Amma a san inda za'a sa su. Abu na farko fili. Unguwa in tana sabuwa fili na da sauƙi, shekara biyar in ta cika sai ka ji farashin ya ninka har ba'a magana. Ƙaramar ikilisiya mai gida goma sha biyar ba zata iya ba, kafin su tara kuɗin an sayar wa mai otal. Babban coci kuwa baikon godiyar kaka na shekara ɗaya ya isa. Kuma cikin membobinsu akwai lauyoyi da safiyo da masu zanen gini waɗanda suka san hanyar KADGIS da KASUPDA, hukumomin takardun fili da izinin gini na jiha, su taimaka a yi takarda tun farko da sunan ikilisiya. Na ga inda aka gina coci a filin da wani ya bayar da baki kawai, ya rasu, 'ya'yansa suka zo da mai saye. Na ga inda takardar ke da sunan dattijo ɗaya, ranar da aka yi saɓani ya sa kwaɗo a ƙofa. Mu bamu san kan waɗannan abubuwa ba sai da muka kusa faɗawa.

Sai ma'aikaci. Mai bishara mutum ne, yana da ciki yana da iyali, yaransa na zuwa makaranta. A kawo shi a ce gidan addu'a ne zai biya shi alhali baikonmu na Lahadi bai kai kuɗin buhun siminti ba, wannan ai an haɗa shi da yunwa ne. Shi ya sa zaka ga bawan Allah ya koma tuƙa keke napep Litinin zuwa Asabar, Lahadi ya zo a gajiye. Abin da nake ganin ya dace, uwar ikilisiya ta ɗauki albashinsa da hayar ɗakinsa gaba ɗaya shekarar farko da ta biyu, ta uku a raba, daga nan a riƙa janyewa a hankali, kuma a rubuta a takarda kowa ya sa hannu don kar sabon Rabaran ya zo yace shi bai san zancen ba. Wannan ya faru da wasu maƙwabtanmu, canjin fasto ɗaya ya kashe alkawarin shekara uku.

Wanda ya fi ba ni haushi shine maganar kaso. Tun bamu yi rufi ba takarda ta iso wai ga kasonmu na gunduma, ga na taron shekara, ga na ginin sakatariya, ga tikitin lonchin na uwar coci guda ashirin mu sayar. Haba jama'a. A gidan gandu ma in ɗa ya isa, uba kan yanka masa gayauna ya ba shi iri ya bar shi ya ci abin da ya noma har ya yi ƙarfi, ba ya zuwa ranar girbin farko da buhu. Ku ɗaga wa sabbin wurare ƙafa shekara uku mana. Antakiya da ta tsaya da ƙafarta ai ita ce ta aika gudummawa Yahudiya lokacin yunwa ba tare da an rubuto mata takarda ba.

Na san abin da ke hana manyan. Wani ɓangaren tsoro ne, in gida goma masu albashi suka tafi baiko zai ragu, kuma mun mayar da darajar fasto a yawan kawunan da ke gabansa da tsayin gininsa. Kowa na son katafaren gini mai bene da tayil, ana ginin shekara goma sha biyar ba'a gama ba, kullum lonchin. Amma in zan yi adalci su ma suna da nauyi a kansu. Shekarun nan ikilisiyoyi da yawa a Kaduna sun tara kuɗin fansa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ga gwauraye da marayu, ga 'yan gudun hijira da ake ciyarwa, ga kuɗin asibiti. Ma'ajin coci in ya ce babu, wani lokaci da gaske babun. Shi ya sa ma na fi nacewa a kan mutane, don aiko mana malamin makarantar Lahadi da mai koyar da waƙa ko sisi ba zai ci wa asusu ba. Ko matasa su riƙa zuwa sati-sati bi da bi, 'yan birget, ƙungiyar yaran coci masu kaki, su zo su fara wa yaranmu fareti, 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai su zo mu zaga unguwa da waƙa kamar yadda ake yi da. In coci ɗaya ba zai iya ba, uku su haɗa hannu su riƙe wuri ɗaya, wannan ya sayi fili wancan ya biya mai bishara na ukun ya kawo kwano.

Akwai kuma maganar harshe da ba'a cika lura ba. Yaranmu na gari sun koma Turanci, hakane, amma a bayan gari wanda zaka tarar tsohuwa ce Bagbagyiya da aka cim ma a wurin, da manomin da aka koro daga ƙauye, da Bajju da Atyap da Adara da Ham da mutanen Filato da na Adamawa, abin da ya haɗa mu duka Hausa ce. An taɓa turo mana wani ɗalibi daga makarantar tauhidi lokacin hutu, yaro mai ƙoƙari, ya yi minti arba'in yana zuba Turanci da Girkanci, tsofaffi suna ta amin amin, da aka tashi wata mama ta ja ni gefe tace Baba me yaron nan yace? Wanda za'a turo a tambaye shi tukuna ko zai iya wa'azi da Hausa, ko ya san Littafin Waƙoƙi, ko zai iya zama a tabarma gidan makoki.

Mu ma masu fara sabbin wurare muna da namu laifin, kar in ɗora wa manya duka. Wasu ba bishara ce ta fitar da su ba, zaɓen dattawa suka faɗi suka yi fushi suka ja ƴan ƙabilarsu suka buɗe nasu. Irin wannan in uwar coci ta ƙi sa hannu ban ga laifinta ba, don abin da aka fara da gaba da gaba yake ci gaba, shekara biyu su ma sun rabu biyu. Sannan ga cunkoso, layi ɗaya coci biyar kowa da lasifikarsa tana kallon ta ɗan'uwansa, alhali in ka yi tafiyar minti talatin gaba akwai unguwar da ba ko ɗaya. Babban coci da ya san ya kamata zai zauna da sauran ɗariƙu a reshen CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, na yankin a tambayi juna ina ne babu. Kuma tun kafin a kafa tubali a je a gaida mai unguwa, a gaida maƙwabta Kirista da Musulmi, a gaya musu ga abin da za'a yi, a kuma rage ƙarar lasifika da dare don akwai mai jinya akwai mai jariri. Mu da muka yi haka, wani maƙwabcinmu Musulmi mai tipa shi ya kawo mana yashi tafiya biyu yace a biya kuɗin mai kawai. A garin da ya ga abin da Kaduna ta gani, wannan gaisuwar ba ƙaramin abu bace.

In an yi duk wannan kuma sai a san lokacin yaye. Wasu iyayen coci basu taimaka ba, wasu kuma sun taimaka sun ƙi saki, shekara goma wuri na da mutum ɗari biyu amma ko fitila za'a saya sai an rubuta takarda cikin gari, asusun banki na hannunsu, wai har yanzu yara ne. Bulus ya bar Titus a Karita ne don ya naɗa dattawa a kowane gari, daga cikin mutanen wurin. Tun ranar farko a fara koya wa namu yadda ake rubuta miniti, yadda mutum biyu ke ƙirga baiko su sa hannu, yadda ake shirya ajin baftisma, a kuma faɗa mana ƙarara sharuɗɗan da in mun cika za'a ba mu cikakken matsayi.

Abin da ya sa ban fid da rai ba, bara wata mama malamar firamare mai ritaya daga cocin namu na gari, ba wanda ya aiko ta, taji labari a zumuntar mata ta hau keke ta zo. Ta tarar da yara sha ɗaya suna wasa da ƙasa a bayan kango lokacin wa'azi. Ta shimfiɗa buhu a gindin mangwaro ta fara koya musu. Yanzu yaran sun haura hamsin, kuma iyaye da dama yaran ne suka jawo su, har ta koya wa 'yan mata biyu suna taya ta. Mutum ɗaya ke nan, mai ciwon gwiwa, da kuɗin fanshonta take zuwa.

Ga ƙarshen shekara na zuwa, lokacin da kwamitoci ke zaman kasafi. Rabaran-rabaran da dattawa da shugabannin zumunta na Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha da Narayi da na tsallaken kogi, don Allah kafin ku rufe littafi ku ɗauko rajista ku duba adireshin membobinku, ku ga nawa ne yanzu suke kwana bayan Kamazou da Gonin Gora da Rido, ku tambayi rabonsu da jibin Ubangiji. Mu dai mun kai gini linta, tamfol ɗin ya yage gefe guda, in ruwa ya sauko sai mu matsa ɗaya gefen. Ƙarfe takwas muke fara sujada, kuma har yanzu muna neman wanda ya iya ɗaure ganga.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani dattijon ikilisiya,
bayan Kamazou, Kaduna